Shafin Da Ke Riga Mai Wankan Gawa

Duk wanda ya taɓa buɗe shafi a intanet ya san wani irin kaɗaici. Ni ma na taɓa. Mutum huɗu suka leƙa a wata guda, biyu daga ciki ni ne. Don haka ba zan yi wa Sharfuddeen dariya ba, labarinsa kawai zan ba ku.

Ma'aikacin ƙaramar hukuma ne a Kazaure, irin waɗanda suka yi furfura a kan kujera ɗaya. Ya buɗe shafin farashin kasuwa: gero da dawa a Babura, awaki a Gwiwa, canjin sefa a bakin iyaka. Talla kuwa ya yi iya yinsa. Ya watsa adireshin a kowane zauren WhatsApp har 'yan ajinsu na firamare suka cire shi. Ya manna takardu a jikin baburan 'yan acaɓa, ruwan farko ya wanke su. Ya sa mai shela ya zaga kasuwa da lasifika, jama'a suka zaci maganin basir ne.

"Baban Rukayya, yau mutum nawa suka shiga?" in ji matarsa Lailatu.

"Tara."

"Cire uku. Ni ce, don tausayi."

Wannan tausayin ne ya kai shi bayan duwatsun Roni, wurin wani boka da ba a san shi da suna ba sai Mai Kogo.

Rana tsaka ya isa, amma cikin kogon sanyi kamar gindin rijiya. An rataye matattun wayoyi a zaren baƙi, sun fi talatin, suna juyawa ba iska. A tsakiya akwai tulu mai faɗin baki, an ɗaure masa wuya da farin ƙyalle, gashin ungulu a soke kewaye da shi. Bokan tsoho ne siriri, bai ɗaga kai ba.

"Ɗan boko, me kake sayarwa?"

"Labari, ranka ya daɗe. Farashin gero."

"Gero bai taɓa tayar da mutum daga kan tabarma ba. Wane labari ne in ya zo, manomi ke yar da fartanya ya hau mashin ba takalmi?"

"Rasuwa," in ji Sharfuddeen.

"To. A ƙasar nan ana rasuwa da hantsi, kafin azahar an rufe. Wanda bai ji ba ya sha kunya har shekara. Zan sa ka riƙa riga kowa ji."

"Nawa zan bayar?"

"Ajiye kuɗinka. Abin da ya zo maka, ka saki. Ba zaɓe."

"In na ƙi saki fa?"

Sai a lokacin tsohon ya dube shi. "Baƙon da aka hana wucewa, a gidan yake sauka."

Da ni ne, da nan zan nemi takalmina. Haka dai muke cewa duka, mu da ba a yi wa tayin ba. Sharfuddeen ya miƙa wayarsa. Bokan ya naɗe ta a ragowar likkafani, ya yayyafa mata ruwan da ya ce na wankan gawa ne, ya sa shi ya durƙusa ya faɗi adireshin shafin a bakin tulu sau huɗu, kowane karo yana fuskantar gari ɗaya: Kazaure, Babura, Roni, Gwiwa. A na huɗu tulun ya maimaita masa.

Washegari bayan asuba ya tarar da rubutu a shirye a shafin, ba shi ya yi ba: sunan wani dattijo a Gwiwa, unguwarsa, da lokacin jana'iza. Ya danna ya saki. Ɗan dattijon ya kira yana zagi, wai Baba ga shi nan yana shan koko. Bai gama zagin ba aka ji salati a bayansa.

Kafin wata uku, babu wayar da ba ta san shafin ba. Mutane kan buɗe shi kafin su gaida iyayensu. Masu hayar motoci, masu sayar da shinkafar sadaka, 'yan siyasa masu ta'aziyya da hoto, kowa na neman gurbin talla. Sharfuddeen ya bar aiki, ya gina bene, ya sayi mota. Yana gaya wa kansa cewa shi mai sanarwa ne kawai. Bai yarda ya lura ba cewa ba wanda ke cikawa sai ya danna.

Ranar wata Talata sunan da ya fito na yayansa ne, Muhammad Sani, wanda ya riƙe shi tun rasuwar mahaifinsu. Ya kife wayar, ya ƙi taɓawa. Har azahar yayan na gona lafiya lau. Rukayya, 'yar Sharfuddeen ɗaya tilo, ita ta faɗi matacciya a bakin famfo da bokiti a hannu.

Washegari, ana zaman makoki, yayan na gefensa yana ba shi haƙuri, ya leƙa wayar. Sunan na nan, an sauya lokacin jana'iza kawai. Ya dubi ƙofar ɗakin da Lailatu da tsohuwarsa suke. Ya danna.

Lailatu ta ga sanarwar, ta leƙo ta ga yayan mijinta zaune yana jan carbi, ta kuma ga faɗuwarsa. Tun daga ranar hankalinta ya gushe, take yawo gida-gida tana yi wa masu rai ta'aziyyar kansu, cikin ladabi, har da durƙusawa.

Ya jefa wayar a dam. Da safe rubutun ya fito a wayar tsohuwarsa, mai madannai, wadda ko hoto ba ta nunawa. Ya koma Roni. Wata mata mai itace ta tare shi a gindin dutse.

"Alhaji, in Mai Kogo kake nema, ai Malam Zaharadeen ya rasu tun watan jiya. A shafin nan ma aka fara gani."

Ya tuna sunan. Shi ya saki, bai san na wa ba ne.

Yana nan a Kazaure, a benen da ko mai tallan goro ba ya tsayawa a inuwarsa. In ya fito, layi kan watse. In ya dubi mutum, mutumin ya kama addu'a. Mata biyu suka rage masa, mahaukaciya da tsohuwa, kuma kowace safiya yana sayen ransu da ran wani. Sunan da yake nema in ya buɗe wayar nasa ne. Shekara uku ke nan bai fito ba.

Don haka, kai mai sabon shafi, ko shago, ko sana'a, da kake ganin duniya ta ƙi kallonka: ka yi tallarka ta halal, ka jure a yi maka dariya, ka roƙi Allah. Kwaɗayi ba ya kai mutum inda zai iya dawowa. Abin da boka ya ce maka kyauta ne, a cikin gidanka zai zo ya zaɓa.