Waƙar Niƙan Iya Rahama

A jami'a ana cewa Rashid ya fi gaisawa da ordinatar, wato kwamfuta, a kan mutane. Wasu kuma su ce ɗan gaban goshin rektar ne, shugaban jami'ar, tunda shi aka ba aikin ɗora binciken ɗalibai a intanet, don masu jera jami'o'in duniya su san akwai wata a Damagaram. Lubabatu ta ji duk wannan kafin ta shiga buronsa da bincikenta kan waƙoƙin niƙa na matan unguwar Birni.

Ya kunna ɗaya. Muryar kakarta ce, marigayiya Iya Rahama, tana niƙa tana yi wa mijinta shaguɓe, irin waƙar da mata ke yi in ba namiji a tsakar gida.

"Jikar ma haka bakinta yake?" in ji shi.

"Taɓa ni ka ji."

Kafin damina ta wuce, ta zama Lubata, shi kuma Sarkin Waya.

Da zuwan masu tantance jami'o'i ya matso, rektar ya matsa lamba. Rashid ya ɗora komai har da waƙar, bai tambayi kowa ba. Abdulaziz, ɗan kasuwar da Lubabatu ta ƙi, shi ya kunna ta a wurin mai shayi, Malam Yakuba baduku, mahaifinta, yana zaune. Aka yi ta dariya ana kwaikwayon uwar Malam Yakuba.

"Kada Rashid ɗin nan ya sake taka mini zaure," in ji Malam Yakuba da ya koma gida.

Saƙon Rashid ya shigo wayar Lubabatu: "Lubata, har daga ƙasashen waje ana saurare. Daraja ce ga Iya. Ki fahimtar da Baba, wallahi ba na iya cin abinci."

Ta amsa: "Ni na roƙe ta ta yi mini, ta ce don ni kaɗai. Baba ya daina fita masallacin unguwa. Kai kuma kana ƙirga masu saurare."

Ya kira, ya sake kira, ba ta ɗauka ba.

Ya je wurin rektar, ya ce zai cire waƙar.

"Ita aka fi buɗewa a shafinmu, Rashid. Baƙi na tafe. In ka cire, zan ba wani aikin."

"Ranka ya daɗe, a ba shi."

Ya cire, ya nemi baffansa ya raka shi Birni. Malam Yakuba bai ɗago daga fatar da yake ɗinki ba. Can ya ce, "Ta goge duka?"

"Saura a wayata kawai, Baba."

"Kunna mini. Rannan dariyar mutane ta hana ni jin ta."

Muryar ta cika zauren. Tsohon ya ajiye basilla, yana share ido da bakin riga. Bayan ƙyaure, Lubabatu ta toshe bakinta.

"A kawo goro bayan Sallah," in ji shi. "Allah ya yi muku albarka."

Rashid ya zo da dogon bayani a bakinsa, amma ya haɗiye shi. Ya sauka daga tabarma, ya durƙusa a kan yashi.

"Baba, mahaifiyarka na kai kasuwa ban nemi izini ba. Na yi laifi. Ka yafe mini. Lubabatu, na san kina ji, ke ma ki yafe mini."