Aljanun Hamidu da Ruwan Soɓorodo

Bara'atu na tankaɗe a tsakar gidansu a Yasore, sai ga mahaifinta, Malam Sammani, ya faɗo ko sallama bai ƙarasa ba. Ya ƙwala wa matarsa kira.

"Fanta! Ki gaya wa 'yarki maganar Hamidu ta mutu!"

Rariya ta suɓuce daga hannun Bara'atu. "Baba, me ya yi?"

"Da idona na gan shi a kasuwar Batsari! Soɓorodo ja wur, ya tofa, ya koma kore – ya sake tofawa, ya dawo ja! Yana kirari wai aljanunsa daga Ingila suka zo a motar wani Bature wai shi Joji. Ni da allo da tawada in ba boka 'yata? Allah Ya kiyashe ni!"

Shi Hamidun nan daga aji biyu na makarantar Midil ya naɗe tabarmarsa ya gudo, amma in ka ji cika bakinsa, ka rantse shi ya koya wa Turawa karatu.

Bara'atu ta kasa ci, ta kasa zama. Ta shiga ɗaki, ta fito, ta koma, hawaye shaɓe-shaɓe. Da la'asar Hamidu ya zo zance, ta tare shi a bakin zaure.

"Ka kashe mu, Hamidu!"

"Haba Bara'atu, sayans ne fa! Ticha ya nuna mana. Ruwan kanwa shi Turawa ke ce wa alkalin, shi ke juya soɓorodon kore. Lemun tsami asid ne, shi ke dawo da ja. Kwalabe biyu ne a hannun rigata, tofin ado ne kawai."

"To je ka faɗa a kasuwa, gaban Baba."

"In tona kaina? Har daga Zakka ake zuwa kallona!"

"To sai ka auri 'yan kallon." Ta shige gida.

Duk wanda uwarta ta ambata mata cikin samarin gari, sai ta ce, "Inna, ina jira." Shi kuwa gogan ya rame, ya yi gabas ya yi yamma, ya ɗinke bakin aljihun da yake ɓoye kwalaben a hannun riga, ya sake farkewa.

Ranar kasuwa ya tara jama'a, har da Malam Sammani, ya ajiye ƙwaryar soɓorodo, ya zazzage hannun riga, kwalabe suka faɗo.

"Jama'a, ga aljanun nan! Kanwa da lemun tsami! Malam, don Allah zuba da hannunka."

Malam ya yi bisimilla, ya ja jiki baya, ya ɗiga kanwa. Kore! Ya matsa lemu. Ja!

"La ilaha! Ashe Malam ma yana da su!" in ji wani mahauci. Kasuwa ta kece da dariya.

"Kai, ɗan nema! Ni da na hana jikokina bi ta ƙofar gidanku!" wata tsohuwa ta rarumi mara ta bi Hamidu da ita.

Da ƙura ta lafa, Malam ya kama shi a kunne. "Ashe ba boka ba ne kai, maƙaryaci ne."

"Na tuba, Baba."

"Wanda ya iya jure wannan dariya don 'yata, ya iya riƙe ta. Turo manyanka bayan kaka."

Haka haƙurin Bara'atu ya biya ta. Samari, ku ji da kyau: ilimin da aka ɓoye don a tsorata mutane, mai shi yake fara cuta, kuma son gaskiya ya fi tafin 'yan kallo.