Koriyar Inuwa a Naman Alhaji Jatau

A ƙarƙashin koren tampol na rumfar mahaifinta a kasuwar Arzèkè Mu'minat ta fara ganin Sahabi. Ta kawo wa mahaifin nata, Alhaji Jatau, abinci, ta tarar da saurayin a tsugune yana zana masa allon tallan nama.

"Malam, ka cika wa inuwar nan baƙi," in ji ta.

"Inuwa ai baƙa ce."

"Wa ya ce maka? Dubi hannuna."

Ya duba. Ƙarƙashin yatsunta kore-kore ne saboda tampol. Ta miƙa hannun cikin rana, jar ƙasa ta haska inuwar ta koma ja-ja. Bawan Allah ya saki baki har fenti ya ɗiga masa a wando.

Da yamma saƙonsa ya shigo wayarta: "Malamata, tun ɗazu nake bin inuwoyi kamar mahaukaci, ko ɗaya ban ga baƙa ba. Me kika yi wa idona?"

Ta mayar: "Buɗe shi na yi, sheri masoyina. Zana abin da kake gani."

Ai kuwa ya zana. Ya sa wa cinyar saniya inuwa kore-kore da shuɗi-shuɗi, daidai yadda take a rataye a rumfar. Zane ya yi kyau, wallahi. Amma wa zai sayi koren nama? Muktar, ɗan dillalin shanu da ya daɗe yana neman auren Mu'minat, ya ɗauki hoton allon ya watsa, wai Alhaji da kansa ya yi shelar ruɓaɓɓen nama. Kasuwa ta kwashe da dariya, masu saye suka janye.

Da magabatan Sahabi suka zo neman aure, Alhaji ko kallonsu bai yi ba.

"Baba, ni na sa shi," Mu'minat ta faɗa tana kuka.

"Shi ya sa zan ba shi ke. Amma ya ajiye burushi har abada, ya koma Djougou wurin ƙanena Dalhatu ya koyi fawa. Ba na haɗa jini da wanda ya mayar da ni abin dariya."

Ta rubuta masa: "Kada ka yarda. Zan jira."

Amsar ta zo a taƙaice: "Na riga na yarda, malamata."

Bayan ya koyi fawar, a Djougou aka ɗaura aure. Aka ci aka sha, tsofaffi suka yi ta sa albarka, Allah ya ba da zaman lafiya da zuriya ɗayyiba. Da ango ya shigo gaishe da iyaye mata, Mu'minat ta leƙa hannunsa ta ƙarƙashin mayafi. Duk yankan wuƙa ne, faratan nan fes, babu ko ɗigon fenti.

Kuka ya ƙwace mata, mai ɗaci, har kafaɗunta na rawa.

Gwaggo Rabi'a ta rungume ta tana dariya. "Yi abinki, 'yata. Kowace amarya da kukan barin gida take tafiya."