Ganye a Gefen Harami

"Abang... mene ne wannan?"

Rokiyoh na durƙushe gaban akwatin tafiya, haramin mijinta Waehama, wanda take kira Abang, a hannunta. Yanar ido ta fara rufe mata gani, amma yatsunta ba sa yi mata ƙarya: an naɗe gefen haramin, an cusa wani gari, an ɗinke da irin ɗinkin da namiji kaɗai ke yi.

Waehama bai ɗago ba. "Maganin sanyi ne."

"A Makka za ka ji sanyin?" Ta sunsuna. "Ketum! Har harami ka ɗinka saboda ganye?"

"Ɗan kaɗan ne fa..."

"Ɗan kaɗan ɗin za su kama a Jidda! A tafi da kai, a bar ni tsaye da idon da ba ya bambance ƙofa da bango. Wa zai riƙe hannuna a ɗawafi? Ganyen?"

Saura kwana ashirin da uku jirginsu ya tashi.

A ƙauyensu na Narathiwat ba a ɗauki mai tauna ganyen kratom, wanda suke kira ketum, a matsayin ɗan maye ba. Mahaifin Rokiyoh ya dasa bishiyarsa a ɓoye tsakanin itatuwan roba, tun ana ƙarƙashin dokar 1943 da ta haramta shukarta, ya kuma rasu bai ga shekarar 2021 da aka halatta ta ba. Shi ya miƙa wa Waehama ganyen farko ranar da ya zo neman aure, yana cewa mai tauna ganye ba ya barin matarsa da yunwa. Bai yi ƙarya ba. Shekara talatin da ɗaya Waehama yana tsaga itatuwan roba don tatsar ƙaro, bai taɓa fashi don lalaci ba. Abu ɗaya yake tsoro, kamar sauran masu tauna: ruwan sama, don sun yarda yana sa musu zazzaɓi. Hadari na haɗuwa zai shige ɗaki ya lulluɓa.

"Babanki ne ya koya mini," ya ce a hankali.

"Na sani. Ni kuma na raini ɗabi'ar."

Ta faɗi gaskiya. Kowace safiya ita ke tsinko ganyen, ta zare jijiyarsa, ta ajiye masa da gishiri da ruwan zafi. Da haka take cewa tana son sa, don bakinta bai iya faɗa ba.

Washegari ta kawo ruwan zafi shi kaɗai.

Kwana biyu yana hamma, hanci na zuba, hawaye na gudu ba tare da kuka ba. A na uku ƙasusuwansa suka ɗauki ciwo, ƙafafunsa suka ƙi zama wuri ɗaya. Dolah, abokin taunarsa, ya leƙo ta taga da kumatu cike.

"Alhaji tun ba a tafi ba! Ka ganka kuwa? Kamar kazar da aka tsamo daga rijiya."

"Ɓace mini da gani, tsohon akuya!"

Dolah ya tafi yana dariya. Da Rokiyoh ta kawo shinkafa, Waehama ya ture kwanon har ya kife.

"Kin fi son Makka da ni!"

Ta tattara shinkafar da lalube, maganar na yi mata zafi domin ita ma ta tambayi kanta: don shi take wannan, ko don kanta?

Rana ta biyar da hantsi ta tarar da tabarmarsa babu kowa. Ta bi hanyar da ƙafarta ta haddace, ta same shi gindin bishiyar, ganye a hannunsa.

"Ban tauna ba," ya ce. "Amma, Yoh, ina tsoro... Mutumin da babanki ya zaɓa miki mai ganye ne. In ganyen ya fita, ban san wa zai rage ba."

Ta laluba ta kama hannun.

"Ni ma ban sani ba, masoyina. Shekara talatin da ɗaya ban taɓa ganinsa ba. Ina so in gan shi kafin idon ya ƙarasa rufewa."

Ya buɗe yatsunsa, ganyen ya faɗi.

Rana ta goma sha biyu suna dawowa daga asibitin gunduma, inda aka ba shi maganin ciwon gaɓɓai, hadari ya rufe sama. Ta ji jikinsa ya ɗauki ɓari, ta ja shi zuwa rumfar mai shayi.

Ya tirje.

"Abang, ruwa ne!"

"Na gani."

"Za ka yi zazzaɓi!"

"Har yanzu ina son ganyen nan, Yoh. Ba zan ɓoye miki ba." Haƙoransa na haɗuwa. "Amma riƙe ni nan. Mu gwada ɗawafin."

Ruwan ya sauko. Ya kama hannunta, suka taka a hankali a tsakiyar titi. Daga cikin rumfa Dolah ke ihu wai tsofaffi sun zare, amma ita ba ta ji shi ba. Tana sauraron wani sabon mutum a gefenta, jiƙe sharkaf, yana ce mata ga rami nan, ɗaga ƙafa.