Tsuntsun Da Ya Riƙe Fiton Babana

"Ajiye bindigar nan, Edmund, ko ka karɓi zobenka!"

Ya tsaya sororo. Shi fa a ganinsa gwaninta ya zo yi. Watanni yana roƙona mu yi aure mu koma birnin Sydney inda yake aiki, kusa da masu buga littattafan tsuntsaye da nake rubuta wa yara, ni kuma ina ce masa ba zan bar Mama ita kaɗai a kan dutsen nan ba. Mama kuwa ko za a yanka ta ba za ta tashi ba, saboda tsuntsun kwaikwayon da ke kwarin bayan gidanmu.

Shi ne masoyin nawa ya yi dogon nazari, ya samo dabara: zai harbo shi, a cusa masa auduga, a sa a gilashi kamar yadda kowa ke yi, Mama ta tafi da abinta. Ni ma wai in samu in zana wutsiyarsa a tsanake. Kai, namiji!

Kuka ya ƙwace min. Na gaya masa abin da ban taɓa gaya wa kowa ba. Babana yakan yi wa Mama wani fito in ya dawo daga saran itace. Tsuntsun ya ɗauke shi tsaf. Baba ya rasu, fiton yana nan, kullum da safe Mama na zaune da shayinta tana jira.

"Lavinia... ban sani ba," ya ce. Ya juya ya tafi.

Na ɗauka shi ke nan, na rasa shi. Na yi ta kuka ina wanke burushin zanena, ina sonsa kamar raina ya fita.

Ashe aikin Sydney ya je ya ajiye. Ya dawo ya kama koyarwa a makarantar ƙauyenmu, kullum sai ya hawo ya faskara mana itace, yana wata waƙarsa da fito marar daɗin ji. Mama dai ko kallo bai ishe ta ba.

Wata safiya muna shan shayi, fiton Baba ya taso daga kwari. Yana ƙarewa sai ga na Edmund daga bakin tsuntsun, har da inda yake kuskurewa.

Mama ta ajiye kofinta, ta goge ido.

"To, ai babanki ya amsa masa," ta ce. "Je ki ce wa yaron nan ya shigo, shayinsa na hucewa."