Iyakar da Ke Bin Rana

A wani zamani can baya, an yi wasu garuruwa biyu da wata kuka a tsakaninsu. Wani baƙo ya zo wucewa da tsakar rana, ya tarar suna gardamar iyaka. Ya ce, "Inda inuwar kukar nan ta tsaya, nan ce iyakarku." Ya hau jakinsa ya tafi, bai sake dawowa ba.

Da safe inuwa ta miƙe yamma. Mai garin gabas ya bi ta har ƙarshe, ya kafa turke yana murna. Da la'asar inuwa ta juyo gabas, mai garin yamma ya tuge turken, ya kafa shi a bakin gonar mai garin gabas.

Kullum haka, a kafa da safe, a tuge da yamma. Filin da ke tsakaninsu ya cika da ciyawa, ba mai shuka ko ƙwayar gero.

Ran nan mai garin gabas ya makara, suka yi kiciɓis da mai garin yamma da rana tsaka, inuwa ta tattaru a gindin kuka.

Mai garin yamma ya ce, "Ɗan'uwa, bayana ya gaji. Mu kafa shi nan mu huta."

Suka kafa, suka zauna, har suka raba goro. Mai garin gabas ya kishingiɗa, sai idonsa ya faɗa kan 'ya'yan kuka suna reto. Ya so ya yi shiru, amma bakinsa ya ƙi.

Ya ce, "To, ita kukar fa, ta wane ne?"

Har yau jikokinsu na can, kowa da turkensa a kafaɗa.