Ƙofar da Mamman Ya Cire

Ana gab da kiran magariba Mamman ya cire ƙofar ɗakin ɗan hayarsa.

Unguwar Banifandou ta yi lamo a lokacin, irin shirun nan da ke sauka idan rana ta faɗi, mata sun kwashe shanya, hayaƙin gawayi yana tashi daga gidaje. Matarsa Fatuma tana bakin murhu. Ƴarsu Aïchatou, budurwa mai karatu a lise, tana wanke shinkafa a gindin pompo. Sai ga Mamman ya fito da guduma da guntun ƙarfe, fuskarsa a murtuke.

"Malam, magariba ce fa," in ji Fatuma. "Ka bari gari ya waye."

"Gidana ne. Da gumina na gina shi."

Bai yi ƙarya ba. Mamman mutumin Tahoua ne, ya ƙare ƙuruciyarsa a aikin gwamnati a Yamai, yana gina gidan nan bulo bayan bulo. Ɗakuna biyu na ƙuryar gidan sun daɗe suna kango, babu rufi, ciyawa da ƙadangaru sun mamaye su. Da ya aje aiki sai ya rufa musu kwano, ya sa ƙofar ƙarfe, ya ce hayarsu ce za ta riƙe shi a tsufansa. Bai taɓa ba kowa haya ba. Dillali ya kawo masa Yacouba, mai gyaran moto, wato babur, ya ga mutum mai fara'a, bai tambayi kowa halinsa ba, ba su kuma yi maganar yawan mutanen da za su zauna ba.

Mutum biyu suka shigo, Yacouba da matarsa. Kafin damina ta fita ruwa ya cinye gidan danginsa a bakin kogi, suka kwaso suka tare a wurinsa, tsohuwarsa da ƙannensa da ƴaƴansu. Salga ta cika. Sabon fenti ya yi baƙi da hayaƙi, baƙin mai ya ɓata siminti, pompo ba ya hutawa. Mamman ya yi magana, ya yi faɗa, kullum amsar ɗaya ce: "Haƙuri, Baba." A majalisa wani ya ba shi shawara, ya ce a cire ƙofa kawai, da ƙafarsu za su tashi.

Yacouba ba ya nan a wannan maraice. Tsohuwarsa tana zaune a kan tabarma tana kallo, Mamman ya yi ta dukan ƙofar har ta saki, ta faɗa cikin ɗakin da wata irin ƙara da ta sa kajin maƙwabta suka watse. Ya ja ta ya jingine a bayan ɗakinsa.

Liman bai kai ga sallame salla ba dutse na farko ya faɗo a kan kwano.

Na biyu ya faɗa cikin tukunyar Fatuma. Na uku ya fasa randa. Ba daga wajen katanga suke zuwa ba, daga sama suke saukowa miƙe, a hankali, kamar ana ajiye su. Aïchatou ta ɗauki ɗaya, ta yar da sauri.

"Inna, da zafi," ta ce a hankali.

Haka aka yi ta yi, kullum tsakanin magariba da isha. Mamman bai zargi kowa ba sai Yacouba. Ya tare shi a tsakar gida yana nuna shi da yatsa.

"Kai ne kake sa ƙannenka su jefe ni! A gidana!"

"Baba, ka ji tsoron Allah. Mu ma a kanmu yake zuba. Ka bar uwata tana kwana a ɗaki babu ƙofa, ban ce maka komai ba."

Mamman ya kai shi komisariya. Aka turo ɗan sanda, ya tsaya a tsakar gida da iyalin Yacouba duka a gabansa, hannuwansu a fili, sai dutse ya faɗo dab da takalminsa. Mutumin ya gyara hularsa ya ce wannan ba aikinsu ba ne, ya fita bai waiwaya ba. Duk da haka Mamman bai sauko ba. Ya ce wa Yacouba kada rana ta sake faɗuwa suna cikin gidan. Washegari suka ɗora kayansu a kan amalanke, tsohuwar tana tafe a baya tana dogara sanda.

Ɗakunan suka zama wayam, amma jifa bai tsaya ba. Sai ma aka ƙara da wani abu. Idan duhu ya fara shiga, daga cikin ɗakin da babu kowa ake jin kukan jariri, siriri, mai tsawo, irin kukan ciwo. Fatuma ta daina girki a waje. Maƙwabta suka daina aiko yara ɗibar wuta. Mamman kuwa fushinsa ƙaruwa yake yi, yana fitowa da fitila yana zagin wanda ba ya gani.

Wata rana dillali ya ce zai kawo sabon ɗan haya. Mamman ya sa Aïchatou ta share ɗakin, rana ta riga ta yi ja. Ta shiga da tsintsiya. Aka ji sharar na ɗan lokaci, sai aka daina ji.

Da ta fito, ba tafiyarta ba ce. Ta zauna a bakin ɗakin ta harɗe ƙafafu kamar dattijo, ta ɗago kai ta dubi ubanta. Muryar da ta fito daga bakinta ta namiji ce, tsohuwa, mai kauri.

"Ina ƙofata?"

Fatuma ta saki salati ta durƙushe. Maza uku suka kasa ɗaga yarinyar daga wurin. Ƙafarta ta hagu ta sandare kamar itace, ta ƙi ci, ta ƙi sha, idan uban ya matso sai ta tofa masa yawu.

Washegari aka ɗauko Malam Abdulrazak daga unguwar Talladjé, wani dattijo ɗan Damagaram wanda aka sani da karatu a kan masu irin wannan lalura. Ya iso bayan la'asar, ya yi alwala, ya zauna a gabanta, ya sa Fatuma ta lulluɓe ta da zane. Ya fara karatu ba gaggawa. Ya daɗe yana yi. Inuwar katanga ta rufe tsakar gidan, tsuntsaye suka yi shiru, sannan jikin yarinyar ya fara rawa.

"Ya isa! Kana ƙona ni!"

"Wane ne kai, bawan Allah?"

"Ni ne wanda aka zalunta. Tun nan gonar hatsi ce nake zaune. Ya zo ya jera bulo, ban ce komai ba. Ya yi rufi, ya sa ƙofa, matata ta yi murna, muka koma lungun bayanta. Mutanen da ya kawo da sallama suke shiga, da bismilla suke zubar da ruwa, muka zauna lafiya. Matata tana jego ya zo da guduma, da magariba, babu ko sallama. A kan ƙafar ɗana ƙofar ta faɗa."

Mamman ya zabura ya miƙe, jijiyar wuyansa ta fito.

"Gidana ne! Ni na sayi filin, ina da takarda! Wa ya ba ka izinin zama?"

Abin ya yi dariya ta bakin ƴarsa, dariya mai sanyi.

"Ɗauko takardar ka karanta wa ƙasa, mu ji ko ta san ka."

"Zauna, Mamman," in ji Malam, bai ko dube shi ba. Ya juya ga yarinyar. "An cuce ka, na ji. To ita wannan me ta yi maka?"

"Ƙafa da ƙafa. Ɗana ba ya motsa tasa, ita ma ba za ta taka tata ba."

"Kai ma ka zama azzalumi ke nan. Mai laifi daban, wadda ka kama daban."

Ya ci gaba da karatu, wannan karon da ƙarfi. Yarinyar ta yi ta birgima tana ihu, duwatsu suka zubo a kan kwano kamar ƙanƙara, Fatuma ta toshe kunnuwa tana kuka. Can muryar ta karye.

"Tsaya. Zan fita. Amma a bar mini ɗakin har abada."

"Ba za a bar maka ba. Mazaunin mutane ne."

"To a mayar da ƙofa, a kulle. Kada kowa ya shiga sai matata ta yi arba'in, ɗana ya warke. Daga nan mu tashi mu nufi daji. Amma da bakinsa nake so in ji."

Malam ya dubi Mamman. Mamman ya tsaya yana huci. Fatuma ta ɗago jajayen idanunta ta dubi mijinta.

"Malam, ɗaki ne ya fi maka ƴarka?"

Mamman ya sunkuyar da kai. "Na yarda. Ku zauna har lokacin."

Malam ya sa aljanin ya rantse da Allah ba zai dawo ba, ba kuma zai sake taɓa kowa a gidan ba. Ya rantse. Babban yatsan ƙafar yarinyar ta hagu ya yi ta karkarwa, ta yi atishawa mai ƙarfi, ta yi laushi a jikin uwarta. Da ta buɗe ido, da muryarta ta ce, "Inna, ƙishirwa nake ji."

Tun kafin a kira isha Mamman ya mayar da ƙofar da hannunsa. Jifa ya tsaya. Kukan jaririn ya yi ta raguwa har aka daina jin sa. Da wa'adin ya cika, wani maraice da babu iska, ƴar ƙaramar guguwa ta taso daga bakin ɗakin, ta ratsa tsakar gida, ta fice ta zaure.

Amma labari ya riga ya zaga unguwa. Duk wanda dillali ya kawo, da ya ji sunan gidan sai ya juya. Aïchatou ta warke, sai dai ba ta ƙara zama a tsakar gida da magariba ba, kuma ta rage magana da ubanta.

Daga ƙarshe Mamman ya haɗiye girman kansa ya tafi wurin Yacouba. Ya same shi a bakin hanya, a ƙarƙashin rumfar buhu, yana kwance injin moto. Ya yi sallama, ya faɗa masa duk yadda aka yi, ya ce ya gane ba shi ne mai jifan ba, ɗakunan suna nan in yana so ya dawo.

Yacouba ya saurara har ƙarshe. Ya goge hannunsa da tsumma, ya dube shi ido cikin ido.

"Tsohuwata a rumfar makaranta ta kwana ranar da ka kore mu, Baba. Sanyin da ya kama ta har yau bai sake ta ba." Ya sunkuya ya ɗauki ƙarfen aikinsa. "Aljani ka ba shi arba'in. Ni kwana ɗaya ka ba ni. Je ka nemi wani."